Enzayim mai datse RNA: daga mahauta zuwa tukunyar yis

Duk ɗalibin da ya taɓa tsamo DNA daga ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje ya san ɗigon nan da ake zubawa a ruwan farko. Sunansa RNase A. Enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, kuma aikinsa guda ne: datse zaren RNA a bayan harafin C ko U har ya zama gutsattsari, ya bar DNA yadda ya same ta. In ba a yi haka ba, sai RNA ta cakuɗe da abin da ake nema, awo ya faɗi ƙarya.

Asalinsa daga shanu ne. Fankiriyas, ƙululun nan na ciki mai fitar da ruwan narkar da abinci, yana samar da shi da yawa a jikin saniya, domin dabba mai tuƙa tana narkar da ɗimbin ƙwayoyin da ke zaune a tumbinta, su kuwa cike suke da RNA. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin nama na Armour da ke Amurka ya tace kilo guda, ya riƙa raba wa masu bincike kyauta. Ta haka wannan ɗan furotin mai amino asid 124 ya shiga hannun kowa, har nazarinsa ya kai Anfinsen da Moore da Stein ga lambar Nobel a 1972.

Sai dai abin da aka tace daga nama ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan taho da burbushin DNase, ɗan'uwansa mai cin DNA, wato ainihin abin da ake ƙoƙarin karewa. Dabarar magabata ita ce a tafasa ruwan na kimanin minti 15: DNase ya lalace, shi kuwa RNase A ya tsira, saboda ƙulle-ƙulle huɗu na sulfa da ke riƙe da jikinsa. Dabara ce mai kyau, amma tafasa ba ta kashe furotin ɗin da ke haddasa cutar haukan shanu, wadda aka gano a Birtaniya a 1986. Tun daga nan hukumomin magunguna suka tsananta tambaya kan duk wani abu da ya fito daga jikin saniya.

Nan ne hujjar wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji ta fi ƙarfi. Ana ɗaukar ƙwayar gadon enzayim ɗin, a dasa ta cikin yis irin Pichia pastoris ko bakteriyar E. coli, su riƙa ƙera shi a tukunyar reno. Babu mahauta, babu tambayar garken da saniyar ta fito, kuma ya fi sauƙi kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Wanda ke shirya DNA da za ta shiga aikin magani ba shi da uzurin komawa ga na shanu.

To amma ba kowane aiki ne na magani ba, kuma na haɗin ya fi tsada. Malamin da ke koya wa ɗalibai tsamo DNA da ɗan kasafin da bai taka kara ya karya ba, bai yi laifi ba in ya tafasa na shanu ya ci gaba da darasi. Sayen mai tsada a irin wannan wuri burga ce kawai.

Abin da sabon bai sauya ba shi ne taurin kai. Ko daga yis ya fito, yana manne wa bututun awo da teburi, kuma ko tukunyar turara kayan aiki ba ta gamawa da shi sarai. Ɗigo ɗaya da ya ɓata hanya ya isa ya cinye samfurin RNA da wani ya yi mako yana haɗawa, shi ya sa ake ware masa bututunsa da kusurwarsa, a kuma sauya safar hannu kafin a taɓa wani abu.