Auren Takarda A Amurka: Uwargida Ce Ke Ɗaukar Asarar

Akwai shawarar da ake yawan bai wa wanda ya shiga Amurka da bizar ziyara kuma kwanakinsa suka ƙare: ya nemi 'yar ƙasa ya aura, takardunsa su fito. Shawarar tana da tushe a doka. Wanda ya shiga ta halastacciyar hanya, sannan ya auri 'yar ƙasa, yana da damar neman katin zaman dindindin, wato Green Card, yana cikin ƙasar. Sai dai aure na gaskiya dokar take nufi, ba wanda dillali ya ƙulla aka biya shi lada ba.

Matar ce ke cike fom I-130, mijin ya cike I-485, sannan hukumar USCIS ta kira su ganawa. Idan jami'i ya yi shakka, yana iya raba su, ya tambayi kowa abin da suka ci jiya da dare da wanda ke biyan kuɗin haya, ya gwada amsoshin. Idan auren bai kai shekara biyu ba, katin wucin gadi na shekara biyu ake bayarwa, kuma a ƙa'ida tare za su nemi a cire sharaɗin cikin kwana 90 kafin ya ƙare. Ke nan wanda ya sayi aure ya miƙa wuyansa ga wadda ya saya, ta ja shi yadda ta ga dama.

Tun 1986 dokar Amurka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko tarar da ta kai dala 250,000, ko duka biyun, ga mai auren bogi. Wanda aka tabbatar ya yi, ba za a sake amincewa da takardar da wani ya cike masa ba, ko da daga baya ya yi aure na haƙiƙa.

Ga magidancin da ya bar iyali a Kano ko Damagaram, matsalar ta fi haka zurfi. Amurka ba ta yarda da mace ta biyu alhali igiyar ta farko tana nan ba. Saboda haka dillali zai ce ko dai ya ɓoye uwargida, ko ya kawo takardar saki. Sai a kira ta a waya a lallashe ta: na takarda ne kawai, da zarar abu ya fito za a ɗauke ta da yara.

A nan zaluncin yake. Malamai sun daɗe suna gargaɗin cewa ba a wasa da saki. A idon hukuma kuma ta zama bazawara, ko ma macen da ba a taɓa aura ba. Ran da mijin ya tashi ɗauko ta, tsohon fayil ɗinsa za a buɗe, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko zama ɗan ƙasa ya samu, kotu tana iya ƙwacewa idan da ƙarya aka same shi. Ita kuwa ta yi shekaru tana jira, ba aure ba, ba saki ba.

Gaskiya ne matsin rayuwa ke kora mutane, kuma ba kowane aure da Ba'amurkiya ne na bogi ba. Masu aure na gaskiya su adana shaida: takardar haya mai sunayensu biyu, asusun banki ɗaya, takardun haraji da hotuna. Wanda abokin zama ke cutarwa yana yi masa barazana da takardu, namiji ko mace, dokar VAWA ta 1994 ta ba shi damar nema da kansa. Lauya mai lasisi ya kamata a tuntuɓa, ba dillalin WhatsApp ba.

Sauran aikin yana gida. Uba ko waliyyin da aka kawo wa takardar sakin ƙarya domin ya sa hannu, ya tuna 'yar mutane aka ba su amana. Ya ƙi sa hannun, ko da ɗansa ne ya roƙa.