Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Bici zuwa ga Gwamnan Kano

Mai girma Gwamna Abba Kabir Yusuf,

Na rubuto ne daga ƙasar Bici a kan buhun tallafin da ake raba wa talaka da jarin da muke ta jiran baƙi su kawo, domin a ganina magana ɗaya ce.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da kai ma ka sha rantsuwa, rabon kayan abinci ya zama ruwan dare. Gwamnati ta raba, attajirai sun raba. A azumin 2024 Gidauniyar Ɗangote ta raba ƙananan buhunan shinkafa masu kilo 10 har miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Allah ya saka wa duk wanda ya ciyar. Wanda bai taɓa shiga gidan da aka wuni ba a ɗora tukunya ba, shi ne zai raina kwanon shinkafa. Amma ranka ya daɗe, a duba su wane ne a layin. Akwai dattijon da fartanya ta yi wa kanta a tafin hannu, wanda a da shi ke fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka da kaka. Yau yana tsaye cikin rana da 'yar takarda a hannu, ya sunkuyar da kai kada surukinsa ya gan shi. Abin da zai karɓa ba zai kai gidansa mako guda ba. A Bauci kuwa, cikin Maris na 2024, turmutsitsi wajen rabon zakka ya ci rayuka, akasarinsu mata.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci a Nijeriya, miliyan 86 daga ciki a Arewa. Babu rumbun da zai ciyar da wannan jama'a a kyauta.

Shi ya sa ake ta maganar masu zuba jari, kuma a nan nake roƙon a san irin ƙasar da ake kiran su su zo. Daga Dawanau har Bici gona na manne da gona. Rabon gado ya mai da gandu 'yan gayauni, ana noma su shekara da shekaru ba hutu, taki da gumi ne ke riƙe da su. Duk baƙon da zai zo neman hekta dubbai, babu dajin da za a yanka masa sai an tashi mutane, kuma manomin da aka biya diyya ya cinye kuɗin, layin tallafi zai koma. Wanda muke bukata shi ne mai sayen abin da muka noma ya sarrafa shi a kusa da mu. An taɓa yin haka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka biyo gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakani, manomi kuma yana kan gonarsa. An ƙware shi a farashi, wannan ba a musu, amma hanya ce ta kawo masu kuɗin, ba roƙo ba.

A zo kasuwar Badume lokacin da tumatirin rani ya faɗo daga fadamu da bakin madatsar Watari ta Bagwai. Kwanduna jere a bakin titi, rana na dukansu, ruwa na tsiyaya ta ƙasa. Dillali ya san mai kaya ba zai iya mai da shi gida ba, don haka sai ya taya yadda ya ga dama. Abin da ya yi kwantai a yanka a shanya a ƙasa, ƙura ta bi ta kai. Bayan 'yan watanni tumatirin ya gagari talaka, uwargida ta koma na leda. Mutumin da aka karya a wannan ciniki shi ne za a rubuta sunansa cikin mabukata idan azumi ya zo.

Me ya hana wani ya kafa ko da ƙaramar masana'anta a nan? Mai kuɗi yana tambaya kafin ya zo. Za a ba shi labarin kamfanin tumatir na Kadawa da aka buɗe a 2016, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, yadda tsutsar sharon ta cinye gonaki a shekarar, da yadda ya yi ta buɗewa yana rufewa saboda rashin isasshen tumatir. Zai zaga Sharaɗa da Calawa da Bompai ya ga masaƙun da suka zama kufai. Zai ji cewa kamfanonin GSK da Procter & Gamble sun sanar da tsuke harkarsu a Nijeriya a 2023. Sannan zai leƙa wurin mai injin casar shinkafa a garinmu, ya tarar ribarsa na ƙonewa a janareta. Baƙo ba zai shimfiɗa tabarma inda ya ga mai gida na naɗe tasa ba.

Na san darajar naira da ruwan bashin banki da bututun gas na AKK da aka ƙaddamar tun 2020 duk suna hannun Abuja. Amma akwai na hannunka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wuta da tsara kasuwarta. A ware wa Badume da garin Bici wutar sola ta masu sana'a, wadda za ta riƙe ɗakin sanyi da injina. Dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake jinginar da fili, ga shi mafi yawan gonakinmu shaidarsu dagaci ne da maƙwabta, banki kuma bai san wannan ba. A kawo ofishin takardar mallaka ƙaramar hukuma, a sanya kuɗi sananne da wa'adi sananne. Masu tare motar kaya da rasit iri-iri kuma, a haɗe harajin ya zama ɗaya, a kafa allo kowa ya karanta.

Sai zakka, wadda ita ce ta fi damuna. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma mafi yawan masu hali a ƙofar gida suke rabawa, 'yan canji ga mutum ɗari, gobe su dawo. Malamai da dama sun yi bayanin cewa ana iya ba mai sana'a abin da zai tsayar da sana'arsa: injin ban ruwa ga manomin rani, keken ɗinki ga bazawara mai marayu, tunkiya biyu ga mai kiwo. Hubusi kuma zai iya gina rumbun ajiyar albasa da dandamalin shanya mai tsabta, amfaninsu ya zama na gari. Abin da ke hana attajiri miƙa dukiyarsa ga hukuma shi ne bai san inda za ta faɗa ba. A riƙa buga lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi, gunduma-gunduma, a sa limamai da masu unguwanni cikin tantancewa, a nesanta ta da katin jam'iyya.

Ina roƙon ka aiko jami'an KanInvest, hukumar jawo masu zuba jari ta jiha, da na hukumar zakka tare, su zo Badume ranar kasuwa a tsakiyar kakar tumatir, su zauna da 'yan gwari da masu injina kafin a rubuta kasafin kuɗi na gaba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin jama'a.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasar Bici