Wasiƙa a Buɗe ga Masu Kiwon Zuma: Faɗan Ƙudan Zuma da Lafiyar Amya



Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, ya fi na Turai saurin fushi, kuma wannan hali gado ne. Ɗan'uwansa da wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai Brazil a 1956 ya kuɓuce a shekarar da ta biyo baya, zuriyarsa ta bazu da faɗanta har Amurka. Amma idan amyar da aka sani da sanyin hali ta rikiɗe tana bin mutane da harbi, ya kamata mai kiwo ya fara zargin yunwa, ko ƙishirwa, ko mutuwar sarauniya, wato uwar da ita kaɗai ke yin ƙwan da ma'aikata ke fitowa daga ciki.

Idan ƙuda ya yi harbi, ƙarinsa yakan saki wani wari mai kama da na ayaba, wanda ke kiran sauran zuwa wurin, shi ya sa ake kankare ƙarin nan take a busa hayaƙi. Hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu yana rufe warin, alhali wutar ciyawa da wasu ke cusa wa amya da dare tana kashe ƙudan, ta kuma ɓata ɗanɗanon zuman. Amya mai sanduna irin ta Kenya ta fi ta gargajiya a nan, domin ana ɗaga sanda ɗaya a bar sauran a rufe.

'Ya'yan da ke cikin saƙa suna bukatar ɗumi kusan digiri 35, saboda haka a bazara ma'aikata kan yi ta jigilar ruwa don sanyaya gida. Inuwar ɗorawa da kasko mai ruwa da 'yan karare a ciki sukan rage cunkoson ƙudan a rijiyar maƙwabta. Kwarkwasa da tsutsar asu mai cin kaki sukan sa ƙudan ƙaura, musamman amyar da aka kwashe wa zuma kaf gab da damina.

Amyar da ta ci gaba da faɗa bayan an gyara waɗannan, sai a sauya mata sarauniya daga zuriya mai sanyi, a kuma jira kamar mako shida, lokacin da tsofaffin ma'aikata za su ƙare.