Alƙalamin Likita Amana Ne

A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ɗora wa wanda ya yi aikin magani ba da ilimi ba biyan abin da ya ɓata. Malaman fiƙihu suka ce ko ƙwararre ne, idan ya yi sakaci, sai ya biya.

A 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin, bayan ya illata matasanmu. Kowace kwalba kuwa akwai hannun da ya miƙa ta.

Ya kai likita, kada ka rubuta magani kafin ka duba majinyaci. Mai kemis, kada ka sayar da tiramol babu takardar likita. Idan kun kuɓuce wa hukuma, ina za ku ɓuya ranar hisabi? Allah Ya sa mu dace.