Ra'ayinmu: Kafin a aiko maganin suga, a biya kuɗin awon ƙoda

A Madawa, Buza da Keita, gidaje da yawa sun dogara ne da 'yan ci-rani. Idan likita ya ce tsoho yana da ciwon suga, ɗansa na Abijan ko Legas kan aiko kuɗi ko kwalin magani, a yi ta sha shekara da shekaru babu wanda ya auna ƙoda. A nan hatsarin yake.

Ciwon suga da kansa yana cin ƙoda a hankali, ba tare da zafi ba. Metformine, maganin da aka fi bayarwa, ta ƙoda yake fita daga jiki. Idan ƙoda ta yi rauni sosai, sai ya taru ya zama guba, shi ya sa likita ke rage shi ko ya dakatar. Glibenclamide kuwa yana iya kayar da suga fiye da ƙima ga mai raunin ƙoda. Sai kuma diclofenac da ibuprofène da ake saya a faranti a kasuwa don ciwon jiki, waɗanda ke ƙara wa ƙoda lahani.

A Amurka, hukumar FDA ta tsaurara gargaɗi a 2016 kan rauni na gaggawa da Invokana ke iya yi wa ƙoda, kuma marasa lafiya sun kai kamfanin kotu. Abin da suka riƙe shi ne takardu.

A Nijar ma ƙofar shari'a a buɗe take. Ana iya kai ƙara wurin jandarma ko mai gabatar da ƙara, a nemi diyya, marasa hali kuma su nemi taimakon hukumar ANAJJ. Amma alƙali hujja yake so: takardar magani, rasit, kwali mai lambar rukuni da sakamakon awo. Mai tallan magani ba ya ba da ko ɗaya.

Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta 2020 kan hukunta fataucin jabun magani. Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa su sa awon ƙoda ya zama dole, aƙalla sau ɗaya a shekara, ga duk mai ciwon suga.

Ku kuma masu aiko kuɗi, kada ku ce tsoho ya daina shan magani. Ku ce a kai shi awo, a saya a farmasi, a adana kowace takarda.