Tunawa da Farfesa Levitt: Wace sana'a kake yi?

'Yan uwa, tun 2006 Farfesa Theodore Levitt na Jami'ar Harvard ya rasu, amma darasinsa bai tsufa ba. An haife shi a Jamus a 1925, iyayensa suka koma Amurka da shi yana yaro, a can ya shahara wajen koyar da dabarun kasuwanci.

A 1960 ya rubuta maƙalar da ta fito da sunansa. Ya nuna cewa kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka sun durƙushe ne saboda sun ɗauka jirgi ne sana'arsu, alhali sufuri ce. Mutane ba su daina tafiya ba, motoci da jiragen sama ne suka kwashe fasinjojin.

A ganina, maganar nan tamu ce. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, wanda ya ɗauka babur ne sana'arsa ya rasa madafa. Wanda ya gane kai mutane da kaya ne aikinsa, yana da hanyar komawa keke napep ko kai saƙo.

Ɗan kasuwa, tambayi kanka tun yau: wace buƙata nake biya wa mai saye?