Takalmin Gudu Mai Tsada: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Gabatarwa

A wani zangon karatu da ya wuce, wani ɗalibina ya same ni a ofis yana neman in sa baki a ɗaga masa ƙafa kan biyan kuɗin makaranta. Da na matsa masa da tambaya sai ya faɗa mini gaskiya, cewa kuɗin da mahaifinsa ya aiko masa ya haɗa su da nasa ɗan tanadi ya sayi takalmin gudu, domin yana fatan a zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilci kwaleji a gasar wasannin kwalejojin ilimi, wato NICEGA. Mai shago ya tabbatar masa da cewa irin takalmin ne zakarun duniya suke sawa. Ba a zaɓe shi ba, kuma kafin wata biyu dundunniyar takalmin ta ɓare. Wannan al'amari shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar, domin in san ko takalmin gudu mai tsada ya cancanci kuɗin da ake zubawa a kansa. Ra'ayina shi ne, ga tsirarun gwanaye masu neman lashe gasa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma ga mafi yawanmu, malamai da ɗalibai da masu motsa jiki don lafiya, asara ce kawai.

Abin da Tsadar Take Saya

Adalci ne mu fara da hujjar masu sayarwa, domin tana da ƙarfi. A shekarar 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmi mai suna Vaporfly, wanda aka sa wa farashin dala 250. Abu biyu ne suka bambanta shi da na baya. Na farko, an yi ƙasansa da wani irin soso mai kauri, marar nauyi, wanda idan ƙafa ta danna shi yakan dawo da mafi yawan ƙarfin da aka danna shi da shi, kamar yadda ƙwallo take tashi idan ta bugi ƙasa. Na biyu, an cusa wani siririn faranti mai tauri na zaren kabon a tsakiyar soson, wanda yake hana yatsun ƙafa lanƙwashewa da yawa. Masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka sun gwada shi a kan 'yan gudu 18, suka gano cewa yana rage ƙarfin da jiki yake ƙonawa da kimanin kashi 4 cikin 100. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin wannan bincike, sai dai wasu masana da suka sake gwadawa daga baya sun sami sakamako mai kama da wannan.

Abin da ya biyo baya kuwa duniya ta shaida. Ranar 12 ga Oktoba, 2019, Eliud Kipchoge ɗan ƙasar Kenya ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 da mita 195 a birnin Viyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, sanye da wani sabon samfurin wannan takalmi. Ba a sa wannan gudu cikin kundin tarihin gasa ba, saboda an shirya shi ne musamman, da mota mai nuna hanya da 'yan rakiya masu karɓar juna. A shekarar 2023 kuma Tigst Assefa 'yar ƙasar Habasha ta kafa tarihi a gasar Balin da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, cikin wani takalmin kamfanin Adidas mai nauyin giram 138 kacal, wanda kuɗinsa ya kai dala 500. Tasirin waɗannan takalma ya yi yawa har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a shekarar 2020, cewa kaurin ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40, kuma kada a sa masa faranti fiye da ɗaya. Ai ba a kafa doka a kan abin da ba ya aiki. Saboda haka duk wanda ya ce takalman nan yaudara ce tsagwaronta, bai yi adalci ba.

Wane ne Yake Cin Moriyar?

Tambayar da ta dace ita ce, wa takalmin yake wa aiki, kuma nawa ne ribar? Rage ƙarfin da jiki yake ƙonawa da kashi 4 ba ya nufin rage lokaci da kashi 4, domin ragin lokacin yakan yi ƙasa da haka. A ce ya kai kashi 2 cikin 100. Ga mai gama gudun famfalaki cikin awa 2 da ɗoriya, wannan ya kai kusan minti biyu da rabi, tazarar da take raba wanda ya zo na ɗaya da wanda bai sami ko sisin kwabo ba. Ga irin wannan mutum takalmi jari ne, kamar yadda keken ɗinki yake ga tela. Bugu da ƙari, manyan zakarun ma ba sa sayensa, kamfanoni ne suke ba su kyauta, har su biya su ladan sawa.

To, mu dawo kan ɗalibinmu da yake gudun mita 5,000 cikin minti 22. Kashi 2 na wannan lokaci kimanin daƙiƙa 26 ne kawai, alhali horo na wata uku, da barci isasshe da abinci mai kyau, suna iya zaftare masa mintoci. Har wa yau, gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa ribar takalmin takan ragu ga mai gudu a hankali, sannan ba kowa yake samunta daidai ba, akwai ma waɗanda ba ya ƙara musu komai. Wani abin da mai shago ba zai faɗa ba shi ne, tun daga watan Nuwamba na shekarar 2024 dokar hukumar duniya ta taƙaita kaurin takalmin gudu a kewayen fili zuwa milimita 20. Ma'ana, takalmin titi mai kaurin milimita 40 haramtacce ne a duk gasar fili da take bin wannan doka. Kuma don kwalta mai santsi aka yi shi. A kan burji da yashi da ramukan da suka cika filayen makarantunmu, tsayinsa yana iya jawo wa mutum targaɗe.

Batun Lafiyar Ƙafa

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce, takalmi mai tsada yana kare gwiwa da idon sawu daga rauni. A nan shaidar ba ta goyi bayan masu talla ba. Wasu masana a Jami'ar Dundee da ke Birtaniya sun gwada takalman gudu na kamfanoni uku, masu araha da matsakaita da masu tsada, aka rufe tambarinsu don kada masu sawa su gane. Sakamakon da suka bayyana a shekarar 2007 ya nuna cewa masu araha da matsakaita suna tare wa tafin ƙafa bugun ƙasa daidai da masu tsada, wani lokaci ma fiye, kuma masu sawar ba su ji wani bambanci wajen daɗin sawa ba. Haka nan rundunar sojan Amurka ta gwada raba wa dubban kuratan soja takalma na musamman gwargwadon siffar tafin ƙafar kowa, amma hakan bai rage yawan masu jin rauni ba.

Abin da ya fi jawo rauni ga mai gudu shi ne ɗora wa jiki abin da bai saba ba farat ɗaya. Mutumin da ya shekara bai yi gudu ba, ya tashi rana ɗaya ya yi kilomita 10, zai kwana da ciwo ko da takalmin zinariya ya sa. Tarihi ma yana da abin cewa a nan. A gasar Olimfik ta birnin Rum a shekarar 1960, Abebe Bikila ɗan ƙasar Habasha ya lashe gudun famfalaki ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Bayan shekara huɗu ya sake lashewa a Tokiyo, wannan karon da takalmi, ya kuma rage minti uku. Takalmi ya taimaka ko bai taimaka ba, mutumin da ya ci gasar sau biyu shi ne dai Bikila, da ƙafafunsa da huhunsa da horon da ya sha.

Lissafin Aljihu

Yanzu sai mu auna farashin da ma'aunin gida. A canjin kuɗi na shekarar 2025, lokacin da dala ɗaya take kusan naira 1,500, takalmin dala 250 ya tashi a kan naira 375,000. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da wata biyar, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki takalmi ƙafa ɗaya. Abin mamaki kuma shi ne, mai tsadar ya fi saurin mutuwa. Takalmin horo na yau da kullum ana sa ran ya yi tafiyar kilomita 500 zuwa 800, amma na gasa, saboda an rage masa nauyi ta kowace fuska, sosonsa da ƙasansa ba sa kai haka. Wancan na dala 500 ma, kamfanin da kansa ya ce don gasa ɗaya aka yi shi. Idan aka raba, kowace kilomita ta ci kusan dala 12.

Akwai kuma matsalar jabu. Kasuwanninmu cike suke da takalma masu tambarin manyan kamfanoni waɗanda ba su taɓa shiga masana'antar kamfanonin ba, kuma ina kyautata zaton irinsu ɗalibina ya saya. A matsayina na mai nazarin harshe, nakan lura da kalmomin da ake farautar mai saye da su, irin su "orijinal" da "ɗan waje" da "na zakaru". Babu ɗaya cikinsu da take bayyana nauyin takalmin ko ingancin ɗinkinsa ko dacewarsa da ƙafar mai saye. Aikinsu shi ne su sa mutum ya ji cewa idan ya saya ya shiga sahun manya. Malamin Hausa da yake koyar da fahimta da nazarin zance ya kamata ya fi kowa gane wannan tarko.

Araha Ba ta Ado

Mai karatu zai iya cewa, ai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, kuma ba ina kira a koma gudu da silifa ko takalmin roba ba ne. Kambas ɗin da aka yi don ado, mai ƙasa kamar katako, yana sa kanta da ƙuna a tafin ƙafa, kuma wanda ya sayi mai rubabben ɗinki zai saya sau uku a shekara. Tsakanin na banza da na alfarma akwai matsakaici, kuma a nan hikimar take. Kuɗin farko da mutum ya ƙara daga kan mafi araha yana saya masa inganci na gaske, amma daga wani mataki zuwa sama, abin da yake biya mafi yawansa suna ne da talla.

Wanda zai saya ya gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da zai riƙa gudu da ita. Ya bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafarsa da bakin takalmin, ya ɗan taka ya ji ko akwai inda yake matsa shi. Ya fifita marar nauyi, domin an ƙiyasta cewa ƙarin giram 100 a kowace ƙafa yana ƙara wa jiki aiki da kimanin kashi 1 cikin 100. Samfurin bara yakan fi na bana sauƙin kuɗi, alhali bambancinsu sau da yawa launi ne. Idan gwanjo ne, a duba ƙasansa, in ya cinye ta gefe ɗaya ko soson ya yamutse, to ya gama aiki, komai kyan samansa.

Kammalawa

Na yi wannan bayani ne ga masu shirin zama malamai saboda wani dalili. Gobe ku za a damƙa wa shirya wasannin makaranta, ku iyaye za su tambaya abin da za su saya wa 'ya'yansu. Idan malami ya nuna cewa sai mai takalmin alfarma ne ɗan wasa, ɗan talaka mai baiwa zai janye jikinsa tun kafin a busa usur, wani uban kuma zai ci bashi a kan abin da bai zama dole ba. Yaron da ya nuna hazaƙa har ya kai matakin da daƙiƙoƙi suke raba shi da lambar yabo, wannan ya cancanci hukumar wasanni ko makaranta ta saya masa takalmin gasa na ainihi. Sauran kuwa, a nema musu matsakaici wanda ya zauna a ƙafa, a share musu fili daga ƙaya da kwalba, a tsara musu horo mataki-mataki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ɗalibin nan nawa ya koma horo da wani tsohon kambas na wansa, yana kuma biyan bashin da ya ci kaɗan-kaɗan.